Yadda Minista Zai Tsaya a Bakin Aikinsa Ranar da Tsaron Ƙasa Ya Rikice

Duk mutumin Bauchi da ya yi wayo a shekarar 2009 ba zai manta da Lahadi 26 ga watan Yuli ba, ranar da aka wayi gari da ƙarar bindigogin rikicin Boko Haram a ofishin 'yan sanda na Dutsen Tanshi, kafin wutar ta tsallaka Maiduguri da Potiskum da Wudil. Kwana biyu bayan haka marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'adua ya ba jami'an tsaro umarni, sannan ya hau jirgi zuwa Brazil domin ziyarar da aka riga aka tsara. Masu kare shi sun ce umarnin da ya bari ya wadatar, masu suka kuma sun ce ba a barin gida yana ci da wuta, kuma har yau idan zancen ya taso a majalisar dattawan unguwa ba a rabuwa da baki ɗaya. Abin da na lura da shi a lokacin, ina ma'aikacin gwamnati a nan Bauchi, shi ne mutanen da dokar hana fita ta kulle a gida ba su damu da sanin yawan sojojin da aka turo ba kamar yadda suka damu da sanin inda masu mulki suke. Wannan bayani an yi shi ne domin ministan da aka damƙa wa ma'aikatar da ta shafi tsaro, da babban sakatarensa, da hadiman da ke tsara masa tafiye-tafiye, kuma kwamishina a Bauchi ko Gombe zai iya auna kansa da shi daidai girman kujerarsa.

Ya kamata minista ya fara da sanin inda doka ta ajiye shi. Sashe na 14 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babbar manufar gwamnati, sashe na 147 shi ne ya ba shugaban ƙasa ikon naɗa ministoci da amincewar majalisar dattawa, sashe na 148 kuma ya wajabta masa zama da su a kai a kai domin su ba shi shawara. Majalisar Tsaro ta Ƙasa, wadda shugaban ƙasa ke jagoranta, tana da kujerun da aka keɓe wa ministan tsaro da na harkokin cikin gida da na harkokin waje, tare da mataimakin shugaban ƙasa, da babban hafsan tsaro, da mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, da sufeto janar na 'yan sanda. Kundin bai ƙayyade wa minista awa nawa zai yi kafin ya dawo idan rikici ya ɓarke ba, to amma wanda aka rubuta kujerarsa a cikin majalisar da ake kira da gaggawa ba ya buƙatar a sake rubuta masa cewa ana son ganinsa a kanta. Ministan ilimi da na lafiya da na sufuri su ma kada su ɗauka zancen bai shafe su ba, domin a shekarun nan makarantar kwana da jirgin ƙasa duk sun zama fagen fama.

Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka mafi yawan aikin ana yin sa ne tun garin yana lafiya. A makon farko da kama aiki, minista ya zauna da babban sakatare su rubuta a takarda wane ne zai riƙe ma'aikata idan ya yi nisa, da irin takardun da wannan mutum zai iya sa wa hannu, da iyakar kuɗin da zai iya amincewa a fitar ba tare da ya jira kowa ba. Idan akwai ƙaramin minista, a sanar da shi duk wata tafiya a rubuce, ko da kuwa siyasa ta sa ba sa ga maciji da juna, domin na sha ganin ofishin da babba ya gwammace aiki ya tsaya cik a kan ƙaramin ya sa hannu a madadinsa. Sannan a ware waya guda wadda ba a kashe ta dare da rana, wadda ke hannun ministan kansa, kuma lambarta tana wurin fadar shugaban ƙasa da hafsoshin tsaro da gwamnonin jihohin da ke fama. Al'adar nan ta barin waya a hannun ɗan'uwa ko yaron gida, wanda zai ce wa kwamandan birged mai gida ya kwanta a sake kira da safe, ta fi kowace tafiya ƙasar waje nisanta minista da aikinsa, alhali yana kwance a Maitama.

Mun ga inda rashin miƙa ragama ke kai ƙasa. 'Yar'adua ya tafi jinya Jidda a watan Nuwamban 2009 ba tare da ya aika wa majalisa wasiƙar da sashe na 145 ya ambata ba, aka yi sama da wata biyu ana jayayya a kan wanda ke da ikon ba da umarni, har sai da majalisar tarayya ta ayyana Goodluck Jonathan muƙaddashin shugaban ƙasa ranar 9 ga Fabrairun 2010. Bayan nan ne aka gyara sashen, aka sa wa'adin kwana 21 na aika wannan wasiƙa ta miƙa ragama ga mataimaki. A Amurka ma, inda ake taƙama da tsari, an kwantar da sakataren tsaro Lloyd Austin a asibiti ranar 1 ga Janairun 2024, fadar shugaban ƙasa ba ta sani ba sai bayan kwana uku, mataimakiyarsa kuma ta karɓi wasu ayyukansa tana hutu a Puerto Rico ba tare da an gaya mata dalili ba, kuma daga bisani sai da ya fito ya nemi afuwa. Ciwo ba laifi ba ne, kuma babu wanda ya ce minista ya bayyana wa duniya sirrin jikinsa. Abin da ake buƙata shi ne layi biyu zuwa ga shugaban ƙasa da sakataren gwamnatin tarayya, a faɗi cewa daga ƙarfe kaza wane ne ke riƙe da ma'aikata.

Idan labarin ya riske shi yana waje, ya yi wa kansa tambaya guda: shin akwai shawarar da za a yanke a cikin kwana ɗaya ko biyu masu zuwa wadda sai da sa hannunsa ko muryarsa? Idan akwai, ko kuma an rasa rayuka da yawa, ko an sace ɗalibai, ko an fasa gidan yari kamar yadda aka yi a Bauchi ranar 7 ga Satumban 2010 fursunoni sama da 700 suka tsere, to ya nemi kujera a jirgin farko, ko da ta ƙananan fasinjoji ce, ya bar jakadan Najeriya a ƙasar ya ƙarasa taron. Hadimai za su kawo hujjoji masu daɗin ji, su ce taron na da muhimmanci, an riga an biya masauki, kuma ai da waya ma ana iya komai. Ya sani cewa wasu daga cikin masu wannan magana suna lissafin kuɗin guzurin kwanakin da za su rasa ne. Dominic Raab, ministan harkokin wajen Birtaniya, yana hutu a tsibirin Crete lokacin da Kabul ta faɗa hannun Taliban a watan Agustan 2021, aka ba shi shawarar ya kira takwaransa na Afghanistan a kan tafintocin da suka yi wa sojojinsu aiki, ya miƙa kiran ga na ƙasa da shi, kiran kuma bai yiwu ba, wata guda bayan haka aka ɗauke shi daga ma'aikatar. A nan gida, a watan Yunin 2012 Shugaba Jonathan ya tafi taron muhalli a Rio de Janeiro ana tsaka da zubar da jini a Kaduna da Damaturu, ya sha suka, da ya dawo kuma ya sauke ministan tsaro Bello Halliru Mohammed da mai ba shi shawara kan tsaro Andrew Azazi a rana guda.

Tafiyar Umara ta fi kowacce wuyar yankewa a wurin mutanenmu, domin kowa na jin nauyin ce wa mutum ya baro Harami. Amma minista ya tambayi malaminsa tun kafin ya tashi, wanne ne ke gaba tsakanin nafila da amanar rayukan da ya yi rantsuwa a kansu. Taron jam'iyya da ɗaurin aure da bikin naɗin sarauta kuwa ba su kai a tsaya muhawara a kansu ba. Mutane ba su manta ba cewa washegarin tashin bam na Nyanya da sace 'yan matan Chibok, a watan Afrilun 2014, an yi gangamin siyasa a Kano har da kiɗa da rawa.

Da ya sauka, ofis zai fara nufa. Zumuɗin zuwa wurin da abin ya faru ya dakata tukuna, domin awannin farko na teburin aiki ne. Minista ba kwamanda ba ne, kuma sashe na 218 ya bar ikon sarrafa dakaru a hannun shugaban ƙasa, wanda ke miƙa shi ga hafsoshi, saboda haka kada ya ɗauki waya yana gaya wa kanar ta inda zai shiga daji. Aikinsa shi ne kwance ƙullin da jami'an fagen fama ba za su iya kwancewa ba: kuɗin man motoci da na jirage da suka maƙale a ofishin akanta, alawus ɗin dakarun da bai fita ba, kayan agajin da hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ke jiran umarni kafin ta loda, da saɓanin da ke tasowa tsakanin soja da 'yan sanda da jami'an tsaron farin kaya a kan wanda ke jagorantar aiki. Ya nemi a kawo masa rahoto a rubuce safe da yamma, a raba abin da aka tabbatar da abin da ake zato, kuma ya ajiye littafi guda da ake rubuta kowace shawara da lokacin da aka yanke ta da sunan wanda aka ɗora wa, domin ranar da majalisa ko kwamitin bincike za su tambaya, ƙwaƙwalwa ba za ta ishe shi ba.

A cikin waɗannan awanni ya kira gwamnan jihar da kansa, ko jam'iyyarsu ɗaya ko ba ɗaya ba. Ana yi wa gwamna laƙabi da babban jami'in tsaron jiha, amma sashe na 215 ya ba kwamishinan 'yan sanda damar neman a miƙa umarnin gwamna ga shugaban ƙasa ko ministan da aka wakilta kafin ya aiwatar, ma'ana akwai lokacin da gwamna zai ba da umarni a Bauchi ko Gombe ya tsaya yana jiran Abuja. Ministan da ba a samu a waya a irin wannan lokaci ya ɗaure hannun gwamna da na kwamishina gaba ɗaya.

Sai batun zuwa da kai, wanda Hausawa suka ce ya fi aike, kuma a nan ne aka fi yin ɓarna da sunan alheri. A ganina kada ziyarar ta wuce kwana biyu ko uku da faruwar abin, sai dai idan kwamandan da ke wurin ya ce zuwan zai janye masa dakarun da ke bin sawun maharan, to a nan a saurare shi, a sanar da jama'a ranar da za a zo, kuma a cika alkawarin. Daga Abuja zuwa filin jirgin Sir Abubakar Tafawa Balewa ko na Gombe tafiyar kusan awa guda ce a sama, saboda haka nisa ba hujja ba ce. Hatsari kuwa gaskiya ne, domin ranar 2 ga Fabrairun 2015 bam ya tashi a kusa da filin wasa na Gombe jim kaɗan bayan Shugaba Jonathan ya bar wurin, amma maganin wannan shi ne a rage ayari, a ɓoye lokacin isowa, a guji tara jama'a wuri guda.

Na taɓa kasancewa cikin masu tarbar wani babban jami'i da ya zo jaje bayan tashin wani bam, kuma abin da na gani ya sa nake tsananta wannan magana. Tun hantsi aka hana 'yan'uwan majinyata shiga asibitin, mata suna zaune a rana da kulolin abinci a bakin ƙofa, aka sa masu shara suka goge baranda har sau biyu, aka ɗauko zannuwan gado sababbi daga sito aka shimfiɗa a ɗakin da za a shiga kaɗai. Baƙon bai iso ba sai bayan la'asar, da jiniya da motocin da suka toshe hanyar ɗakin gaggawa, har wata motar ɗaukar marasa lafiya ta tsaya a waje. Ya tsaya a kan gadon wani saurayi da aka naɗe wa ƙafa, masu kyamara suka ture ma'aikaciyar jinya gefe, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya sanar cewa gwamnati ta ɗauki nauyin magani, ya fita. Da daddare na ga mahaifin yaron nan a wani kantin magani yana ƙirga canji zai sayi ruwan ƙari da allura, domin babu wanda ya bar wa asibitin ko takarda, balle kuɗi. Ya gane ni, ya ce, "Alhaji, ashe ku ne kuka zo ɗazu," ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata.

Saboda haka kafin minista ya furta cewa gwamnati ta ɗauki nauyin jinya, ya tabbatar kuɗin sun shiga asusun asibitin, ko kuma ya bar wa shugaban asibitin takarda mai sa hannu da sunan jami'in da za a nema. Mota uku ko huɗu sun isa, a ajiye su nesa da ɗakin gaggawa, kuma kada a ɗauki hoton majinyaci sai da yardarsa. Ya keɓe da likitoci ya tambaye su abin da ya ƙare musu, jini ne ko iskar numfashi ko man janareta, ya sa a rubuta. Daga nan ya kai gaisuwa fadar sarki kamar yadda al'ada ta tanada, amma kada ziyarar ta ƙare a fada da gidan gwamnati, ya roƙi mai martaba ya haɗa shi da hakimi da dagaci da mai unguwar wurin, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma sau da yawa su ne suka kai rahoton baƙin fuska tun makonni kafin harin ba a saurare su ba. A gidan makoki ya cire takalmi ya zauna a tabarma, ya yi ta'aziyya a gajarce, ya bar mutane su yi magana ko da za su ɗaga murya, kuma ya hana dogarawansa ture kowa. Idan harin ya shafi Musulmi da Kirista, kamar yadda yakan faru a kasuwa da tasha, ya taka zuwa ga kowane ɓangare a rana guda, domin a wurare irin su Tafawa Balewa da Billiri ana lura da gidan da baƙo ya shiga da wanda ya tsallake. Kada kuma ya manta da bariki, inda matan sojoji da 'yan sandan da suka rasu ke zaune ba wanda ya leƙa su.

Magana da jama'a ita ma wani nau'in halarta ce. Ya zo a hadisi cewa wata rana da dare mutanen Madina sun firgita da wata ƙara, suka fita suka nufi wajen, sai suka haɗu da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana dawowa a kan dokin Abu Ɗalha babu sirdi, da takobi a rataye, yana kwantar musu da hankali. Ya riga su zuwa ya gani, shi ya sa maganarsa ta kwantar da su. Minista ya yi magana da bakinsa a ranar farko, da Turanci da kuma Hausa a gidajen rediyon da mutanen Alkaleri da Dukku da Nafaɗa ke saurare, ya faɗi abin da aka tabbatar, ya faɗi lokacin da zai sake fitowa, kuma kada ya ambaci adadi sai ya ji shi daga majiya biyu da ba su haɗa baki ba. Kwana biyu bayan sace 'yan matan Chibok su 276, rundunar soja ta sanar cewa an kuɓutar da duka ban da takwas, daga baya ta janye maganar. A Dapchi ma, a watan Fabrairun 2018, gwamnatin Yobe ta yi shelar ceto wasu daga cikin 'yan matan makarantar da aka sace a garin, washegari ta nemi afuwa. Iyayen da aka sa suka yi guɗa sannan aka dawo da su kuka ba za su sake gaskata sanarwar gwamnati cikin sauƙi ba. Kalmar nan ta cewa an shawo kan lamarin kuwa, gara a bar ta har sai mutanen garin sun fara kwana a gidajensu.

Idan majalisar dattawa ko ta wakilai ta gayyace shi, ya je da kansa. Sashe na 67 ya ce minista zai halarci zauren da ya gayyace shi domin bayyana yadda yake tafiyar da ma'aikatarsa, sashe na 88 da na 89 kuma sun ba majalisa ikon bincike da sammaci, har da ba da takardar kamo wanda ya ƙi zuwa babu uzuri. Tura darakta ya wakilce shi a ranar da ake tattauna mutuwar mutane raini ne ga mazaɓun da aka kashe mutanen. Abin da ya shafi sirrin aikin soja ya nemi a yi shi a zaman sirri, sauran kuma ya amsa a fili.

A tsawon kwanakin nan ya lura da gidansa. Sayyidina Umar ya haramta wa kansa cin man shanu a shekarar yunwa har sai talakawa sun samu, kuma ba a nemi minista ya kai haka ba, amma liyafar zagayowar ranar haihuwa da hotunan iyali a Dubai da ake sakawa a Facebook da Instagram za su iya jira. Idan kuma ya ga lafiyarsa ko wani uzuri ba zai bar shi ya tsaya a bakin aiki na makonni ba, ya gaya wa shugaban ƙasa ya nemi a sauya shi. Ministan cikin gida na Indiya, Shivraj Patil, ya ajiye aiki 'yan kwanaki bayan harin Mumbai na watan Nuwamban 2008, kuma kujerar ba ta kwana babu kowa ba.

Bayan manema labarai sun koma wani zancen, babban sakatare ya buɗe littafin nan da aka rubuta shawarwari da alkawura, a bi su ɗaya bayan ɗaya, a ga wanne aka cika wanne kuma ya maƙale, da teburin da ya maƙale a kai. A sa ranar komawa garin tun a ziyarar farko, kuma kwana arba'in lokaci ne da ya dace, domin a lokacin masu zaman makoki sun watse, an sallami wasu majinyata, an kuma fara sanin marayu nawa aka bari da shaguna nawa suka ƙone. A wannan zuwan ba a buƙatar 'yan jarida, sai jami'in kuɗi na ma'aikata da wakilin hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha da mai unguwa, a zauna da jerin sunayen a kira kowa a tambaye shi abin da ya shiga hannunsa.